Modem na ɗauka, inji na rufe ƙofa: a taimaka mana da tsohon VAX ɗinmu na Tawa

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'a, manya da ƙanana. Taimako nike nema wurin waɗanda sunka taɓa aiki da tsofaffin injunan DEC. Inda nike aiki nan Tawa muna da injin kwamfuta MicroVAX II na kamfanin DEC, mai tsarin aiki VMS 5.5, kuma har yau shina tashi. Cikinsa bayanan rijiyoyi suke: sunan gari, gaba nawa anka haƙa kafin a cimma ruwa, irin ƙasar da anka ratsa, lokacin da anka yashe ta. Wanda ya san yankinmu ya san darajar wanga abu, don akwai garuruwan da igiyar guga ke wuce mita 60, sai jakai ko raƙumi ke ja. Takardun da anka kwashe bayanan daga cikinsu kuwa, gara ta ci wasu, ɗigon damina ya ci wasu.

Baban da ya tsara abin da hannunsa ya aje aiki, shina Yamai wurin ɗiyansa. Ciwon gwiwa ba ya barin shi zaman kar na sama da kilomita 500, a bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sannan a hauro. Shi ya ce mini in sa modem, na'urar da ke haɗa inji da layin waya, zai riƙa kira daga gida kamar yadda sukan yi da. Na samu modem USRobotics Courier cikin magaza, na kakkaɓe ƙura, na haɗa. In Baba ya kira, modem na ɗauka, sai ya ga tarkacen haruffa, ko injin ya ce bai yarda da shi ba tun bai rubuta sunansa ba. Sau biyu ma injin ya tsaya cak, allo ya nuna >>> kawai. Mi nike yi ba daidai ba?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, wace ƙofa ka soka modem ɗin? In wadda allon mai kula da inji ke ciki ce, wato OPA0, je ka zare shi yanzu, ka dawo mu yi magana.

Ɗan Ader:
Ita ce Baba. Na zare allon VT220 ɗin na sa shi a gurbinta, don ita na tabbata tana aiki.

Tsohon Hannu:
To ga dalilin >>> ɗinka. Wannan ƙofar ta mai gida ce. In makunnin tsayarwa da ke bayan injin yana buɗe, alamar BREAK ɗaya ta isa ta dakatar da komai, kuma ƙarar layi ko katsewar kira na iya zuwar masa a matsayin BREAK. Ban da haka, ba ta san an kira ko an ajiye ba. Duba bayan akwatin, ko akwai jerin bakuna masu haƙora 25. Rubuta SHOW DEVICE T ka gaya mana abin da ka gani.

Ɗan Ader:
TXA0 har TXA7. Baba na Yamai ya ce katin DHV11 ne.

Tsohon Hannu:
Alhamdu lillahi, ka yi sa'a. Wannan katin yana jin duk alamomin modem. Ɗauki TXA0.

Mai Gyara na Katako:
Maigida, bari in sa baki kan kabul, don nan ne nake ganin mutane na shan wahala. Kabul ɗin da ke zuwa allo a murɗe yake a ciki, 2 na zuwa 3, 3 na zuwa 2. Na modem miƙaƙƙe ne, kowane haƙori ga ɗan'uwansa. Wurin DEC, BC22D shi ne murɗaɗɗen, BC22E na modem. In rubutun jiki ya goge, ɗauki mita ka auna ɗaya bayan ɗaya: 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 20, 22. Da yawan waɗanda ke yawo a kasuwa, in ka fasa kan, zare uku ne kawai a ciki, 2 da 3 da 7. Rubutu zai wuce, amma injin ba zai taɓa sanin an ɗauka ko an ajiye ba. Sannan ka duba taransifon modem ɗin. In na Amurka ne mai 110, kar ya kusanci kuran ɗinmu na 220. Kuma da yawansu AC suke so, ba DC ba, karanta ƙarƙashinsa kafin ka canja masa wani. An kawo mini irinsu a ƙone ba ɗaya ba, ba biyu ba.

'Yar Harobanda:
Ku yi mini haƙuri iyayena, amma ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Injin da ya fito 1985, kamfanin da ya ƙera shi Compaq ta saye shi tun 1998, ita ma HP ta haɗiye ta 2002. Ba modem ne damuwarku ba, ƙanena, faifan da ke ciki ne. Kowane tashi da ya yi, kwanansa ne ke raguwa. Ku kwashe bayanan, ku ɗora VMS ɗin kan SIMH, manhajar da ke kwaikwayon VAX, a kwamfutar zamani, Baba ya shiga ta intanet. In ma dole sai an taɓa tsohon injin daga nesa, 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da ɗan kabul na USB da rezon salula sun gama magana.

Tsohon Hannu:
'Yata, maganarki kan faifai gaskiya ce, zan dawo gare ta. Amma bari mu fara buɗe wa yaron nan ƙofa, don wanda ya san inda kaya suke a ɗakin yana waje.

Ɗana, ka fahimci abu guda, sauran duk zai zo da sauƙi. Modem irin naka daga gidan Hayes ya gaji ɗabi'arsa, tun 1981. An yi shi ne ya riƙa hira da mutum: ka ce AT ya ce OK, waya ta yi ƙara ya ce RING, ya haɗu ya ce CONNECT. Shi kuwa VMS tun zamanin modem bebe aka yi renonsa, wanda ba ya magana sai dai ya ɗaga waya ɗaya ko ya sauke ta. VMS mai gadi ne a bakin zaure, duk wanda ya yi motsi zai tambaye shi suna. Modem ya ce RING, shi kuma ya ɗauka baƙo ne, ya nemi suna. Modem ya maido masa da tambayarsa, don an saba masa maimaita abin da aka faɗa masa. Kamar mutum ya leƙa rijiya ya yi sallama, muryarsa ta dawo, ya amsa, ta sake dawowa. Kafin Baba ya taɓa madanni, sun ƙare jayayyarsu, mai gadi ya ƙirga kuskure ya kai biyar, ya sa ƙofar cikin waɗanda ake zargi. Rubuta SHOW INTRUSION, na tabbata za ka ga TXA0 ko sunan Baba a ciki. Ka share da DELETE/INTRUSION_RECORD, in ba haka ba ko ka gyara komai zai iya ci gaba da korar shi na ɗan lokaci.

Saboda haka aiki biyu ne: ka koya wa modem yin shiru, ka kuma koya masa faɗin gaskiya ta wayoyinsa. Haɗa shi da VT220 kai tsaye da miƙaƙƙen kabul, ka tsayar da allon kan 9600, 8 ba parite, don gudun da ka yi masa magana da shi lokacin adanawa shi zai riƙe. Ka fara da AT&F2, tsarin XON/XOFF ke nan a Courier, kuma da shi injunan DEC ke cewa dakata ko ci gaba. Sannan:

AT &B1 &C1 &D2 &S1 S0=1 S2=128 E0 Q1 &W

E0 ya daina maimaitawa, Q1 ya daina surutu, S0=1 ya ɗauka a ƙara ta farko, &B1 ya tsaya kan 9600 tsakaninsa da inji ko yaya layi yake. S2=128 na hana +++ fitar da shi daga hira. &D2 kuwa, in VMS ya sauke haƙori na 20, modem ya ajiye waya.

A gefen inji:

SET TERMINAL TXA0: /PERMANENT /MODEM /DIALUP /HANGUP /SPEED=9600 /NOAUTOBAUD

Ka sa wannan layin cikin SYSTARTUP_V5.COM, in ba haka ba da an kashe an kunna ya manta.

Ɗalibin Lantarki:
Baba, a yi mini afuwa, ni ɗan koyo ne. Me ya sa &C1 da &S1? Malaminmu ya ce in modem na ba ka wahala ka tilasta waɗannan alamomin su zauna a kunne, sai komai ya wuce.

Tsohon Hannu:
Yana wucewa ɗana, amma da tsada. &C1 na nufin haƙori na 8 ba zai tashi ba sai da gaske akwai wani modem a ɗaya gefen, kuma zai faɗi da zarar ya tafi. In ka tilasta shi, ka koya wa modem ƙarya ke nan, inji kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Na gani da idona. A wata ma'aikata da na yi aiki nan Yamai, wani ya ɗinke 8 da 20 a cikin kan kabul don ya huta da ƙorafi. Wata rana da la'asar na kira daga wani reshe in duba abu kaɗan. Ba a tambaye ni suna ba, ba a tambaye ni kalmar sirri ba, sai ga ni tsakiyar allon mai lissafin albashi, sunayen mutane da kuɗinsu a jere, alama na ƙiftawa kan layin da ya tsaya. Layi ne ya katse masa, ya tashi ya tafi salla, inji bai san ya tafi ba. Hannuna ya yi sanyi a kan madannai. Da wani ne mai mugun nufi, ba wanda zai san ba shi ya taɓa ba, shi za a kama. Na fitar da shi, washegari na fasa kan kabul ɗin na warware ɗinkin.

Shi kuma &S1, haƙori na 6 ne. VMS in ya gan shi a tashe sai ya fara ƙirga daƙiƙa 30 yana jiran haɗuwa, in ba ta zo ba ya sauke 20 ya sake daga farko. In 6 na kunne kullum, haka zai yi ta yi dare da rana, kiran da ya faɗo a mugun lokaci ya yanke. Za ka ga fitilar TR ta modem, mai nuna haƙori na 20, na ɗaukewa tana dawowa ba dalili.

Tsohon Ma'aikacin Waya:
Duk abin da Alhaji ya faɗa haka yake, amma ba wanda ya tambayi layin kansa. Ɗana, fiks ɗinku na jan ƙarfe ne da ya taho daga santaral, ko irin na tebur ne mai eriya da kati a ciki? Haka shi ma na Baba. In mai kati ne, ku daina wahala. Rezon salula matse murya yake yi, ya zubar da abin da kunnen mutum ba ya buƙata, kukan modem kuwa a nan rayuwarsa take. Haka in layin ya bi ta intanet da matsi irin G.729. G.711 ne kawai ke barin sa ya wuce, shi ma in hanya ba ta rawa.

In jan ƙarfe ne, ɗauki kan waya ka danna lamba ɗaya ka saurara. In ka ji ƙarar soya, bi wayar daga bango har inda ta shigo gini. Yawanci mahaɗi ne ya yi tsatsa, ko rana ta cinye roba. Ka kankare, ka ɗaure da kyau. Kuma kar wani ya bar wata waya ko faks a kan layin nan, ɗagawa ɗaya ta isa ta yanke ku. In Baba na da tsohon littafinsa na lambobi, a tuna masa tun 2006 aka koma lamba 8, na Tawa da 20 61 suke farawa.

Kada kuma rubutun 56K ya ruɗe ku. Sai ɗaya gefen na dijital ne a santaral. Modem biyu na gida ba sa wuce 33600, ku ma 9600 ta ishe ku. Da ƙasa da haka aka yi aiki a ƙasar nan. Kafin intanet ta shigo, wasiƙun masu bincike ta hanyar sadarwar RIO ta ORSTOM, cibiyar bincike ta Faransa, suke fita daga Yamai, inji ya kira inji ta UUCP, ya sauke kaya ya ɗauki kaya ya ajiye waya.

Ɗan Ader:
Na jan ƙarfe ne Kawu, duka biyu. Na Baba ma bai taɓa yarda an cire shi ba. Kabul ɗin da na fara ɗaukowa don TXA0 murɗaɗɗe ne, kuma na fasa wani na iske zare uku, kamar yadda Mai Gyara ya ce. Na samu na ukun mai kyau cikin kwali.

Yaya ta Harobanda, ban ƙi maganarki ba. Amma ga halin da muke ciki. Bayanan ba a fili guda suke ba, Baba da harshen kwamfuta FORTRAN ya rubuta abinsa, lambobi ne a jere, shi kaɗai ya san wace lamba ce zurfi, wace ce lambar gari, wane fayil ne na gaskiya, wane ne gwaji. Ko na kwashe su yau, buhun lambobi zan riƙe. Idonsa ba ya ganin rubutun salula. Abin da ya sani shi ne tsohuwar kwamfutarsa da Kermit, manhajar kira da jan fayil, a ciki, da modem ɗinsa. In na ce sai ya koyi sabuwar hanya, za mu ɓata wata biyu, kuma ban san wata nawa Allah ya bar mana da shi da injin ba.

'Yar Harobanda:
Na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma ku yi lissafi. 9600 kusan haruffa 960 ne a daƙiƙa. In faifan RD53 ne mai mega 71, jan shi duka ta waya ya haura awa 20, ban da abin da Kermit ke ƙarawa, ban da katsewa, ban da kuɗin kira tsakanin Yamai da Tawa. Don haka kar wanda ya ce ta modem za a kwashe. Baba ya shiga ya nuna, kai kuma da kake kusa ka ja da kwamfutar hannu ta TXA1. Kuma in RD53 ɗin ne, ina roƙonka ka rage kashewa da kunnawa. An san shi da wata roba a ciki da ke narkewa ta riƙe hannun karatu, ranar da ta riƙe sai ka ji ya juya ya tsaya. Zafin watan huɗu na Tawa ba zai taimaka ba. Akwai kuma ɗan batirin agogo a bayan bangon da ƙofar OPA0 take, yana zubar da gishiri ya ci allon.

Har yanzu ina kan ra'ayina, lambar waya da kowa zai iya kira ƙofa ce a buɗe kan titi.

Tsohon Hannu:
A nan ba mu saɓa ba. Ɗana, shiga AUTHORIZE, inda ake sarrafa asusun masu shiga, ka sa /NODIALUP mai hana shiga ta waya kan duk asusun da ba na Baba ba, SYSTEM da FIELD a gaba, ka canja kalmominsu, don da yawa ba a taɓa canja na ranar kafawa ba. Ka ƙara /SYSPASSWORD kan TXA0, mai kira ba zai ga ko tambayar suna ba sai ya ba da kalmar farko. Mafi sauƙi kuma, in kun gama ka kashe modem. Inda na saɓa da ke 'yata shi ne cewa Raspberry Pi ya fi aminci. Shi duniya duka ke ƙwanƙwasa masa, wannan kuwa sai wanda ya san lambar kuma yake da modem.

'Yar Harobanda:
In an sa shi bayan VPN, wato rufaffiyar hanya cikin intanet, ba wanda zai gan shi Baba. Amma na bari, a fara da abin da ke hannu.

Ɗan Ader:
Jama'a na shiga uku. Na rubuta dogon layin, modem bai ce OK ba, ko abin da nike rubutawa ba ya fitowa. Sannan anka ɗauke kuran, da ya dawo sai ga shi shina surutunsa kamar ban taɓa shi ba.

Mai Gyara na Katako:
Kwantar da hankalinka maigida. Shirun farko shi ne alamar ya ji, ai kai ka ce ya yi shiru. In kana son ganin abin da ya riƙe, ATI5 zai nuna maka. Mantuwar kuwa, juya shi ka dubi 'yan makunnan nan ƙanana a jere. Su ke da iko lokacin kunnawa. Na 10 in yana ƙasa, tsarin masana'anta yake ɗauka ya watsar da naka. Ɗaga shi sama. Na 1 da na 6 sama, su ne 20 da 8 na gaskiya. Na 3 sama ya yi shiru, na 4 ƙasa ya daina maimaitawa, na 5 sama ya ɗauki kira. Akwai taswirarsu a ƙarƙashin akwatin, gwada da ita kafin ka yarda da ni. Da bakin biro ko tsinken ashana ake tura su. Sai ka kashe ka kunna.

Ɗan Ader:
Allahu akbar. Bayan isha'i Baba ya kira. Ina zaune gaban akwatin, fanka na kaɗa ƙura, sai fitilar AA ta amsa kira, sai OH ta ɗaga layi, sai kukan nan, sai CD ta haƙori na 8 ta kama ta tsaya. TR ba ta motsa ba. Na rubuta SHOW USERS a allona, ga sunansa kan TXA0. Can sai allon ya yi ƙara, saƙo ya fito ta REPLY: “Ɗana, na shigo. Kada ka taɓa fayilolin da sunka ƙare da OLD, su ne na gaskiya.” Ni kuwa su nike shirin tsallakewa in na zo kwafa.

Mun yi minti 40, ya nuna mini fayil uku da ma'anar ginshiƙai goma sha ɗaya na farko, ina rubutawa a kaye. Ya nemo rijiyar garin kakata, ya karanta mini zurfinta. Na gwada abin da Baba Tsohon Hannu ya ce, na zare wayar layi ana tsakiyar aiki, CD ta faɗi, sunansa ya ɓace daga SHOW USERS. Da ya sake kira sai da anka tambaye shi kalma.

Faifan RD53 ne Yaya.

'Yar Harobanda:
To gobe da safe, kafin zafi ya tashi, ka fara jan waɗannan OLD ɗin ta TXA1, kwafi biyu, ɗaya ya kwana wani gini. Wanda ba rubutu zalla ba ne ka sa shi cikin BACKUP tukuna, ka ja shi a matsayin binari, in ba haka ba tsarin fayil ɗin VMS zai lalace a hanya. Turo mini hoton katunan da ke cikin akwatin, zan fara shirya SIMH a nan Yamai, in kai wa Baba har gida ya gani da idonsa.

Tsohon Ma'aikacin Waya:
Hadari ya fara haɗuwa ta gabas kwanakin nan. Kowane dare in kun gama, zare wayar layi daga bayan modem, ba kashe shi kaɗai ba, don tsawa ta jan ƙarfe take biyowa ta wuce har cikin DHV11. Ka gaya wa Baba shi ma ya zare nasa.

Ɗan Ader:
Na zare Kawu, na rataye ta kan ƙusa. Baba ya ce jibi bayan isha'i za mu ci gaba daga ginshiƙi na goma sha biyu.